Birki ya yi tauri, ga huci a ƙarƙashin sitiyari: a gyara busta ko a sauya ta?

Baban Nana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in yi aikin da-na-sani. Motata Mercedes 230 ce, ƙirar W123 ta 1978, mai kafireto, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Yau kusan mako uku ke nan birkinta ya sauya hali. In na taka sau ɗaya yana kamawa, amma in na taka sau biyu ko uku a jere sai feda ta ƙame kamar dutse na taka, sai na miƙe ƙafa da iya ƙarfina kafin motar ta tsaya. Ga wani huci da nake ji ta ƙarƙashin sitiyari muddin ƙafata na kan birki. Sannan in na tsaya injin ya dinga karkarwa kamar zai mutu, da na ɗage ƙafa sai silo ya koma daidai.

Bakaniken da na kai wa ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce busta ce, wato abin nan da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi in an taka birki, a cire a yar, zai nemo min wata wadda za ta shiga wurin. To wannan "wadda za ta shiga wurin" ita ta hana ni barci. Motar nan tun daga kujera har rediyo babu abin da aka taɓa sauya mata. Shin ana gyara busta? Ko dole sai an sa wata?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi. Yaro, kafin a yi maganar gyara ko sauyi, ka fara ajiye motar nan, kada ka sake hawa titi da ita. Sannan ka yi min gwaji uku, ko sifana ba ka bukata.

Injin a kashe, ka taka birki sau biyar ko shida har feda ta yi tauri. Ka bar ƙafarka a kai da ɗan nauyi, ka murɗa makulli. In busta na da rai, injin na tashi za ka ji feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In ko motsi ba ta yi ba, babu taimakon da ke zuwa.

Na biyu, ka bar injin ya yi minti biyu, ka kashe, ka ɗan jira, sannan ka taka a hankali. Takun farko ya kamata ya yi laushi, na biyu ya ɗan fi tauri, na uku ya ƙara. In tun na farko dutse ne, iska na shiga ta wani wuri.

Na uku, injin na aiki ka taka ka riƙe, ka kashe injin ƙafarka na kai, ka ƙirga daƙiƙa 30. In ka ji feda na turo ƙafarka sama, tantanin ciki ko bawul ɗin da ke bayansa ya gaji. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.

Mai Dizal:
Baba ya faɗi gaskiya, amma kafin a yanke wa busta hukunci a duba layin da ke kawo mata zuƙa, wato wanda injin ke zuƙe iskar cikinta ta shi. A motocinmu W123 ba tiyon roba ba ne mai laushi, baƙin fayif ne na leda mai tauri, da bawul mai hanya ɗaya a tsakiyarsa. Bayan shekara arba'in da ɗoriya a cikin zafin injin, abin nan yakan bushe ya tsage, musamman ƙananan hancin da ke jikin bawul ɗin. Ka cire shi, ka hura ta ɓangaren busta, iska ta wuce. Ka hura ta ɓangaren injin, kada ta wuce.

Ni tawa 240D ce. Dizal ba ya samar da zuƙa a manifol, wato bututun da iska ke bi ta shiga injin, famfo ne a gaban injin ke yin aikin, kuma zuƙar nan ce ke kashe injin ma. Ranar da layina ya tsage na zare makulli na sa a aljihu mota na ta aiki abinta, sai da na buɗe bonet na danna ɗan ƙarfen nan mai rubutun STOP. Na kusa sayen busta, ashe fayif ne kawai.

Injiniya:
Bari in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a ciki, don Baban Nana ya gane dalilin da ya sa injin ke karkarwa, domin wannan alamar ce ta fi ba ni labari.

Busta ba ta da wani ƙarfi nata na kanta. Gwangwani ce wadda tantanin roba ya raba gida biyu. Injin fetur in yana silo, totur a rufe, yana zuƙe iskar da ke manifol, kuma lafiyayyen injin yakan nuna inci 17 zuwa 21 a ma'aunin zuƙa. Da wannan yake zuƙe iskar ɗakunan biyu, sai tantanin ya zauna a tsakiya babu mai tura shi. Kana taka birki sai wani bawul ya toshe hanyar da ke tsakanin ɗakunan, ya buɗe wa iskar waje ƙofa ta shiga ɗakin baya. Iskar duniya ce ke tura tantanin gaba, shi kuma ya tura mastan birki, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi.

Ka ɗauki busta mai faɗin inci 9, wato kusan santimita 23. Fuskar tantaninta ta haura murabba'in santimita 400. In bambancin matsi tsakanin gaba da baya ya kai kilo 0.6 a kowane murabba'in santimita, turin ya doshi kilo 250. Wannan ne ƙafarka ta rasa, shi ya sa kake jin dutse.

In tantanin ya huje, iskar da ta shiga ɗakin baya ba ta tsayawa a nan, takan zarce ɗakin gaba ta bi layi ta faɗa manifol. Kafireto bai san da zuwanta ba, bai auna mata fetur ba, sai cakuɗin ya yi salam, injin ya kama rawa. Fayif da ya tsage zai dame silo a kowane lokaci. Naka kuwa sai ka taka birki yake yi. Don haka ina tare da bakaniken ka a kan cutar, maganinsa ne ban yarda da shi ba.

Sarkin Gardama:
Ku dai kuna son wahalar da kanku. A toshe layin a manifol a ci gaba da tafiya. Volkswagen Beetle miliyan nawa aka ƙera babu busta, wa ya ce ba sa tsayawa? Mutanen da ƙafa suke da ita. Birkin yana nan ko babu busta, ai ba ita ke kama taya ba.

Injiniya:
Sarki, rabin maganarka gaskiya ce, ragowar rabin kuma shi ke kai mutum asibiti. Beetle ba ta kai kilo 900 ba, yawancinsu kuma birkin ganga ne, wanda juyawar taya kanta ke taimaka wa takalmin ya ƙara cizo. W123 ta haura kilo 1,300 kuma birkin faifai ne a ƙafa huɗu, shi kuwa faifai ba ya taimakon kansa ko kaɗan. Sannan motar da aka ƙera babu busta ana yi mata feda mai ninka ƙarfin ƙafa wajen sau 6, mai busta kuwa wajen sau 4 ne, ga masta mai faɗi. Ka cire busta ka bar sauran yadda suke, ba birkin mutanen da ka samu ba, birkin da ya fi nasu muni ka samu.

Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce lalacin 'yan zamani ne. Albert Dewandre ɗan Beljiyam ne ya fito da birki mai taimakon zuƙa, tun 1927 kamfanin Bosch ke ƙera shi.

Sarkin Gardama:
Ni dai na yi wata shida da tawa a haka.

Maman Sadiq:
Allah ne ya tsare, Malam, ba dabararka ba. Ranar da yaro zai ɓullo daga bayan mota a guje ba za ka samu lokacin gyara zama ka tokare kujera ba.

Baban Nana:
Na gode ƙwarai. Baba, na yi gwajin. Na farko feda ta ɗan nutse, amma kaɗan. Na biyu, ina kashe injin takun farko ma dutse ne. Na uku kuwa ko daƙiƙa goma ba a yi ba ta turo ni. Na cire layin kamar yadda Mai Dizal ya ce, bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, babu tsaga. Sai dai bakin layin ta ɓangaren busta na same shi da danshi, da na shafa a yatsa yana santsi.

Wani abu kuma da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da alaƙa ba: tun bara nake ƙara man birki jefi-jefi. Na duba tayoyi huɗu, na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, ko ɗigo babu. Na ɗauka cin takalmin birki ne ke sa man ya sauka.

Tsohon Bakanike:
Yauwa! Yanzu ka zo inda gizo ke saƙar. Da wannan ka fara da mun huta.

Man birki ba ya tashi sama ya bi iska. In yana raguwa har kana ƙari, ba ka ga inda ya zuba ba, to yana cikin busta. A gindin masta akwai sil da ke tare man. In ya gaji, man ba ya zuba ƙasa, busta ce ke tsotse shi kai tsaye, tunda gindin mastan a cikin bakinta yake. Ya taru a ƙasan gwangwanin wata da watanni, ya jiƙa tantanin, ya ci fentin ciki, ga shi kuma yana jan ruwa, sai tsatsa. In ya yi yawa ya bi layi ya shiga injin ya ƙone, ka ga farin hayaƙi a salansa ka ce gasket ne. Na sha ganin an sauke kan injin a banza saboda wannan.

Saboda haka bustarka ba mutuwar tsufa ta yi ba, masta ne ya kashe ta. Da ka bi maganar bakaniken nan ya ɗaura maka wata a bayan wannan mastan, an kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba, baɗi war haka kana nan kana mana tambaya iri ɗaya.

Ka taka birki sau da yawa injin a kashe don zuƙar ta ƙare, ka kwance noti biyu da ke riƙe mastan, ka cire shi. Ka samo sirinji da siririn tiyo ka zura ta bakin busta har ƙasa, ka ja. Ka shimfiɗa tsumma a kan fenti tukuna, man birki ba ya ga maciji da fenti.

Baban Nana:
Innalillahi. Baba, sirinji mai cin mililita 20 na cika sau bakwai, man ya yi baƙi kamar tsohon man injin, da ɓarɓashin tsatsa a ciki. Gindin mastan kuma jiƙe sharkaf. To yanzu mun dawo tambayata ta farko. In gyara ko in sauya?

Maman Sadiq:
Ni ina bayan gyara, kuma daga abin da hannuna ya taɓa nake magana. Mota ƙirar MGB gare ni, bustarta ta Lockheed ce, irin wadda ba ta manne da feda, tana gefe guda a ɗakin injin, fayif ɗin mai ne ke shiga ya fita. Tawa ma man ta sha, har farin hayaƙin da Baba ya ambata na gani. Na sayi ƙunshin kayan gyaranta, tantani da sil-sil da ɗan bawul ɗin iska, na baje a kan tebur na ɗauki hoton kowane mataki. Kwana biyu na yi. Yau shekara huɗu ba ta sake ce min uffan ba. Ƙarfen da aka yi a wancan zamanin ba a yin irinsa, me zai sa a yar da shi saboda roba?

Tsohon Bakanike:
Hajiya, sannu da ƙoƙari, amma taki daban tasa daban. Taki an yi ta ne don a buɗe. Tasa an haɗa gwangwani biyu an danne bakinsu da inji, ga ƙaton sifirin a matse a ciki. Wanda ya ɓamɓare ta da sukudireba a kan cinyarsa, in bai yi sa'a ba murfin zai tashi ya same shi a fuska. Ko ya buɗe lafiya, mayar da bakin ya kama iska kamar da shi ne aikin. Masu wannan sana'a suna da matsi na musamman da suke danne ta, in sun gama kuma su gwada ta da ma'auni su ga ko tana riƙe zuƙa. Ba na ce ba ta gyaruwa ba. Na ce ba Baban Nana ne zai gyara ta ba, kuma ba bakaniken da ya yi bincike bonet a rufe ba. In ba haka ba a yi gyaran gangar Auzinawa.

Mai Dizal:
Ko ya nemi ta hannu daga wata W123 da aka yanka. An ƙera motar nan daga 1976 zuwa 1986, sama da miliyan biyu da rabi, kayanta ba su yi wuya ba.

Injiniya:
A nan ne zan saɓa maka, ɗan'uwa. Ƙofa ko fitila ko bamba, ta hannu ta wadatar, idonka na ganin lafiyarta. Busta kuwa abin da ke mutuwa a cikinta roba ce da ba ka gani, kuma ƙaramar cikinsu ta kusa shekara arba'in. Ba ka san mastan da ta zauna da shi ba. Haka ma wadda ake ce wa sabuwa ce ba a taɓa ɗaurawa ba, tana kwali tun zamanin da ake ƙera motar. Ƙarfenta sabo ne, robarta tsohuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne "wadda za ta shiga wurin". Ramukan noti huɗu su dace ba shi ne dacewa ba. Akwai sandar da ke fitowa daga busta ta tura fistin masta, tazarar da ke tsakaninsu wajen rabin milimita ce kawai. In sandar ta yi gajarta, feda za ta yi tafiya mai nisa kafin birki ya fara kamawa. In ta yi tsawo, fistin ba zai koma gida sosai ba, ya toshe ɗan ramin da man ke bi ya koma tanki. Za ka fita lafiya, bayan 'yan kilomita man ya yi zafi ya kumbura bai da wurin zuwa, birki ya fara kama kansa, ka ji mota na nauyi, ka sauka ka tarar faifai na hayaƙi. Ka goge jikin bustarka ka duba tambari, ATE ce ko Girling, ka kwafi lambar, ka haɗa da lambar shasi. Da su za ka nema.

Maman Sadiq:
Na ji, na kuma yarda ban san tasa a danne take ba. Amma har yanzu ban sauka daga matsayina ba. Ya aika wa masu gyaran, a dawo masa da tasa ta asali. Mutumin nan ya ce ko rediyo ba a taɓa sauya wa motar ba, kuma ta mahaifinsa ce. Ku maza kun karanta alamomin cutar kun tsallake wannan layin.

Tsohon Bakanike:
Ban tsallake ba, Hajiya. Tsatsar da ya gani a sirinji ce ta tsaya min a rai. In ta ci ƙasan gwangwanin har ya yi siriri, mai gyaran kirki da kansa zai ce ba zai taɓa ba. Sai an buɗe za a sani, kuma kafin ta je ta dawo motar na zaune. Mota mai kafireto kuwa zama ba ya yi mata daɗi.

Ga yadda zan yi in tawa ce. In sa sabuwa mai lambar da ta dace, da sabon masta, rana ɗaya. Tsohuwar in tsiyaye ta in ajiye, in aika a duba ta a natse. In ta gyaru, ga ta nan ranar da ake so. Ba wanda ya ce sai an zaɓi ɗaya an yar da ɗaya.

Kuma yaro, kafin ka ɗaura mastan ka kama shi a bais, wato matsin ƙarfe na kan tebur, ka cika shi da mai, ka tura fistin a hankali har kumfa ta daina fitowa. In ka ɗaura shi da iska a ciki za ka yini kana taka feda. Man DOT 4 za ka sa, daga sabuwar roba wadda ba a taɓa buɗewa ba, ka kore tsohon gaba ɗaya ta tayoyi huɗu. Kada wani ya ruɗe ka da DOT 5 don lambarsa ta fi girma, shi na silikon ne, ba ya haɗuwa da naka.

Sarkin Gardama:
Duk wannan hidima a kan gwangwani.

Baban Nana:
'Yan'uwa, na dawo, kuma tsugune ba ta ƙare ba. Na bi shawarar Baba. Busta da masta sun iso, lamba ta dace. Ni da ƙanena muka ɗaura, kuma wanda bai taɓa kwanciya rigingine a ƙarƙashin sitiyari yana laluben noti huɗun nan da 'yar tocila a baki ba, bai san ciwon wuya ba. Mun cire iska, feda ta tsaya daidai. Hucin cikin mota ya tafi. Amma yanzu silo ba ya zama ko ban taka birki ba, kuma ina kashe injin feda ta koma dutse nan take. Sabuwar ma matacciya aka sayar min ke nan?

Mai Dizal:
Kada ka yi saurin zargi. Je ka duba kwalin da mastan ya zo a ciki. Akwai wani siririn zoben roba a 'yar leda?

Baban Nana:
Akwai. Na gan shi, na ɗauka na ajiya ne.

Mai Dizal:
To shi ne. A motocin nan gindin masta shi ne murfin busta ta gaba, zoben nan ke zama tsakaninsu ya hana iska shiga. Na tsohon ya manne ya baje har ya yi kama da ƙarfe, shi ya sa ba ka lura da shi ba lokacin da ka cire. Kada ka ji kunya, ni ma ta nan na bi. Kwance noti biyun, ja mastan gaba a hankali kada ka lanƙwasa fayif, sa zoben a gurbinsa, ka tabbata bai karkace ba kafin ka ɗaure.

Baban Nana:
Alhamdu lillahi. Minti ashirin. Silo ya zauna shiru kamar da. Na maimaita gwaji ukun Baba duk ta ci, har na bar ta ta kwana, da safe kafin in tayar na taka, feda na da laushi har sau biyu. Na zagaya da ita a hankali wajen kilomita goma, na tsaya na kai hannu kusa da kowace taya, babu wadda ta yi zafi fiye da 'yan'uwanta. Maman Sadiq, tsohuwar na nan na kife ta a kan tsumma tana tsiyaya, ban yar ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Sarki.

Maman Sadiq:
Madalla. Ka toshe bakunanta kafin ka ajiye, kuma kada ka bari 'yar robar nan mai kama da kwabo da ke bayan sandar ta faɗo ta ɓace, masu gyaran za su neme ta.

Tsohon Bakanike:
Amin, yaro. Saura abu ɗaya. Ka ɗauki alƙalami ka ja layi a jikin tankin man birki daidai inda man ya tsaya yau. Ka duba shi kowace safiya har mako biyu, motar na kan shimfiɗaɗɗen wuri. In ya sauka ko da kaurin farce ne, ka dawo nan kafin ka ƙara ko ɗigo.